Tarihin Jirgin Ƙasa Na Kan Tebur, Da Abin Da Ya Tuna Mana

Kwanakin baya wani maƙwabcinmu a kasuwa, mai sayar da gwanjon kayan wasan yara, ya kwance buhunan da aka kawo masa daga Ikko, sai ga wani tsohon kwali a ciki. Da aka buɗe sai muka ga ɗan kan jirgin ƙasa wanda bai wuce tsawon tafin hannu ba, da taragu huɗu, da guntayen dogo masu lanƙwasa, da 'yar tasha har da rumfarta da agogonta. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne nauyinsa, don ƙarfe ne zalla, ba irin robar nan ta yanzu ba. Mai kaya har ya yi niyyar watsa shi cikin tulin 'yan tsana da ƙwallaye, sai ɗansa ɗan makaranta ya duba sunan da ke jikin kwalin a wayarsa, ya ce, "Baba, tsaya tukuna. Wannan fa manya ke sayensa, har da masu furfura."

Muna cikin dariya sai wani dattijo daga cikin iyayenmu, wanda ya yi fataucin shanu tun muna goye, ya miƙo hannu aka ba shi tarago ɗaya. Ya juya shi, ya sake juyawa, sa'an nan ya ce, "Kusan irin wannan muke lodawa a Nguru." Daga nan ya shiga ba mu labarin tashar Badun ta da: inda ake sauke shanu, da inda ake jibge huhunan goro, da inda mai shayi yake kafa teburinsa. Mu da aka haifa a garin nan, rabin wuraren da ya ambata ba za mu iya nuna su ba. Wannan ne ya sa muka bi diddigin abin, don mu ji yadda aka yi kayan wasa ya zama aikin dattawa a ƙasashen Turawa.

Jirgin ƙasa na gaske dai a Ingila ya soma, inda aka buɗe layin da ke tsakanin Stockton da Darlington cikin 1825, na Liverpool zuwa Manchester kuma cikin 1830. Ba a jima ba, wajen shekarun 1840, maƙera suka fara ƙera 'yan ƙanana na tagulla suna sayar wa masu hali. Waɗannan na farko ba su da dogo. Ruwa ake zuba musu, a kunna 'yar wuta a ƙarƙashi, tururi ya tura su a kan dardumar ɗaki, suna tafe suna ɗigar da ruwa. In ɗaya ya yi karo da ƙafar kujera ya kife, sai a yi ta fama da wuta. Ke nan a lokacin wasa ne na 'ya'yan attajirai, kuma in an saya sau ɗaya an gama.

Wanda ya canza wannan al'amari wani gida ne na maƙeran kwano a garin Göppingen na ƙasar Jamus, watau gidan Märklin, wanda shi ne sunan da ke jikin kwalin maƙwabcinmu. Mai gidan ya kafa sana'arsa cikin 1859, yana ƙera 'yan tukwane da murhu na ɗakin 'yar tsana. Ya rasu cikin 1866, matarsa Caroline ta riƙe sana'ar, tana yawo da kaya gari gari har 'ya'yanta suka kawo ƙarfi suka karɓa. A baje kolin birnin Leipzig na 1891 suka fito da jirgi wanda ake wana shi da ɗan makulli kamar agogon bango, yana gudu a kan dogo da ake harhaɗawa guntu guntu. Sa'an nan suka tsayar da faɗin dogon a kan awo sananne mai lamba, ta yadda abin da mutum ya saya bana zai shiga da wanda zai saya baɗi.

Duk ɗan kasuwa zai gane dabarar nan ba sai an yi masa bayani ba. Sun lura cewa wanda ya sayi ɗakin 'yar tsana ba ya daina dawowa, yau kujera, gobe tukunya. To haka suka mai da jirgi: ka sayi kai da taragu biyu, wata mai zuwa ka dawo neman ƙarin dogo, sai mararraba, sai gada, sai tasha, sai fitilar ba da hannu. Ciniki ɗaya ya haifi ciniki ashirin. Mu da muke cewa abokin ciniki na kullum ya fi mai sayen sari na rana ɗaya, ga shi nan a aikace tun fiye da shekara 130.

A Amurka ma ta hanyar kasuwa abin ya shiga. Wani mai suna Joshua Lionel Cowen ya kafa kamfanin Lionel a birnin New York cikin 1900. Jirginsa na farko mai aiki da lantarki bai yi shi don yara ba, ya yi shi ne don masu kanti su sa a tagar gilashi yana zagayawa ɗauke da haja, masu wucewa su tsaya kallo. Sai ya kasance mutane suna shiga kanti suna taya jirgin, suna barin hajar. Ganin haka ya koma ƙera jiragen gadan-gadan, kuma zuwa farkon shekarun 1950 kamfaninsa yana cikin mafiya girma a duniya wajen kayan wasa.

A Ingila kuwa, kafin yaƙin duniya na ɗaya yawancin irin waɗannan jirage daga Jamus ake shigo da su. Bayan yaƙi mutanen Ingila suka ƙyamaci kayan Jamus, kasuwa ta buɗe. Wani mutumin Liverpool, Frank Hornby, wanda asalinsa akawu ne a wurin wani mai shigo da nama, ya riga ya yi suna da kayan wasan nan na ƙarafa da noti mai suna Meccano, sai ya fito da jirginsa cikin 1920. Har yau sunan Hornby na kan kwalayen jiragen wasa a can.

Matsalar jiragen wancan zamani ita ce girma. Sai mai babban ɗaki ke iya shimfiɗa su, in an gama wasa kuma a kwashe. Saboda haka tsakanin shekarun 1920 da 1930 aka yi ta rage su har aka kai awon da ake kira HO, wanda shi ya fi yaɗuwa a duniya. Ma'anarsa kowane abu an rage shi zuwa kashi 1 cikin 87. Dogon da jiragen Turai ke bi faɗinsa milimita 1,435 ne, in ka raba da 87 sai ya ba ka milimita 16.5, shi ne faɗin ɗan dogon. Namiji tsayayye a wannan awo bai fi santimita 2 ba, titi mai tsawon mita 87 kuma ya koma mita 1 a kan tebur. Mutanen Ingila su nasu kashi 1 cikin 76 ne a kan wannan dogo ɗin dai, don kawunan jiragensu na gaske ƙanana ne, injin lantarkin lokacin ya ƙi shiga cikin gangar jikin sai da aka ɗan ƙara mata girma. Daga baya aka ƙara ragewa: cikin 1962 kamfanin Arnold na Nuremberg ya fito da mai faɗin milimita 9, kashi 1 cikin 160, sa'an nan cikin 1972 Märklin ya fito da mai milimita 6.5, kashi 1 cikin 220, wanda ɗan kansa bai fi yatsa ba.

Da abin ya iya zama a kan tebur dindindin, sai ya fita daga hannun yara. Dama tun 1910 wasu magidanta suka kafa kulob na masu wannan sha'awa a Landan. A Amurka aka soma buga mujalla musamman dominsu cikin 1934, mai suna Model Railroader, shekara ɗaya bayan haka kuma suka kafa ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya don a daidaita awo, kada kayan wannan kamfani su ƙi shiga da na wancan. A nan ne tambayar da ta fi muhimmanci ta taso: jirgin nan da ke ta zagaye a kan katako tsirara, daga ina ya fito, ina za shi? Wani ɗan Landan mai suna John Ahern yana cikin na farko da suka amsa, inda a shekarun 1930 ya fara gina wani kwari na ƙirƙira, da kogi da tashar jiragen ruwa da ƙauyuka, jirgi yana ratsawa ta ciki kamar yadda yake yi a duniya. Tun daga nan masu abin suka koma gina ƙasa sukutum, jirgi ya zama ɗaya daga cikin kayan cikinta.

Yadda suke yi ba wani asiri ba ne. Ana kafa tebur na katako, a zana inda dogo zai bi, a kafe shi, a zuba masa tsakuwa mai laushi a manne da gam wanda aka tsinka da ruwa. Tudu da dutse kuwa da ragar waya ko yankakken kwali ake ɗaga ƙashinsu, a lulluɓe da tsumma ko takarda da aka tsoma a filasta, in ya bushe a shafa fenti kalar ƙasa. Yanzu da yawa soso mai tauri suke sassaƙawa da wuƙa. Ciyawa a da dusar katako ce ake rinawa kore. Itatuwa da murɗaɗɗiyar waya ake yi, a manna musu garin soso a matsayin ganye. Gidaje na kwali ne ko roba ko siririn katako. Abu na ƙarshe, wanda da shi ake gane gwani, shi ne tsufar da kaya: a sa wa tarago tsatsa, a sa wa bango dattin hayaƙi da zubar ruwan sama, don sabon abu fil ba ya kama da gaskiya.

Gwanin wannan fanni a Amurka shi ne John Allen, mai ɗaukar hoto a garin Monterey na jihar Kalifoniya. Kusan shekara 20 ya yi yana gina ƙasarsa a ɗakin ƙarƙashin gidansa, da duwatsu tun daga daɓe har rufi, da gadoji birjik. Ya rasu a watan Janairu na 1973, bayan kwana 10 gobara ta tashi a gidan ta cinye aikin. Abin da ya tsira shi ne hotunan da aka ɗauka, kuma da su ne mutane suke koyo har yanzu.

Amma mutumin da labarinsa ya fi taɓa mu shi ne Roye England. Baƙo ne kamar mu. An haife shi a Ostareliya, ya zo Ingila cikin 1925 yana saurayi, ya sauka a wani yankin karkara da ake kira Kwarin Farin Doki. Ya ga gidaje masu jinka, da gonaki da ake nomawa da dawaki, da ƙananan tashoshin jirgi, abin ya shiga ransa. Sai kuma ya lura ana yaye jinka ana buga rufin zamani, ana rushe tsofaffin gidaje ɗaya bayan ɗaya, 'yan gari kuwa ko a jikinsu, don abin da ido ya saba gani ba ya ganin tafiyarsa. Shi ba shi da kuɗin sayen gidajen ya hana a rushe. Abin da ya iya shi ne ya bi su da ma'auni da littafi da kyamara, ya auna ƙofa da taga, ya rubuta kalar bango, sa'an nan ya zauna ya gina kowanne da kwali a kan kashi 1 cikin 76. Gida ɗaya yakan ci masa watanni, wani ma shekaru. Cikin 1954 ya kafa wurin ajiye aikin a ƙauyen Long Wittenham, wanda shi ne gidan tarihi na Pendon. Ya rasu cikin 1995 bai ga ƙarshen aikin ba, masu sa kai suka ci gaba. Wanda ya je can zai ga karkarar Ingila ta shekarun 1920 da 1930, har da gidajen da a yau babu ko tubalinsu. Kwarin nan na John Ahern ma can aka kai shi ajiya.

Abin da ya hango kuwa ya faru. Cikin 1963 wani rahoto da aka fi sani da sunan Beeching ya ba da shawarar rufe kimanin mil 5,000 na dogo da tashoshi fiye da 2,300 a Birtaniya, aka kuwa rufe mafi yawansu. Cikin 1968 hukumar jiragen ƙasar ta daina aiki da jirgin gawayi a manyan layukanta. Tashoshi da yawa sun zama kango ko gidajen kwana, amma sai ka tarar da su a raye a kan teburin wani tsoho, da sunansu da rumfarsu da jadawalin jiragensu. A Jamus abin har ya zama babbar sana'a: cikin 2001 wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe Miniatur Wunderland a wani tsohon sito a birnin Hamburg, inda ɗan dogon da aka shimfiɗa ya haura kilomita 16, dare yana yi gari yana wayewa duk bayan minti 15, mutane kuma suna biyan kuɗi suna layi don kallo.

To jama'a, mu dawo gida. Mai karatu zai ce ina ruwan Bahaushen Sabo da wasan Turawa? Ruwanmu shi ne unguwar nan da muke ciki dogo ne ya raine ta. Jirgi ya iso Ibadan daga Ikko cikin 1901, ya isa Kano cikin 1911, zuwa 1912 kuma ana iya tasowa daga Kano har bakin teku. Shekara huɗu bayan haka, cikin 1916, aka yanka wa Hausawa Sabo. Hausawa sun san Kurmi tun kafin Bature, da ƙafa da jaki, amma jirgi ne ya mai da tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Da dogo ya kai Kaura Namoda cikin 1929, da Nguru cikin 1930, da Maiduguri cikin 1964, shanu suka riƙa gangarowa a tarago, goro yana hawa. Masu gida da dillalai da 'yan dako da masu ɗaurin huhu, duk a kan wannan zirga-zirga suka ci abinci, da ita aka gina gidajen da wasunmu suka gada.

Mu da muke cikin shekaru hamsin da wani abu mun riski ƙarshen wannan zamani. Mun shiga jirgi zuwa gida hutun salla, mun ga yadda ake cinikin abinci ta taga a Offa da Jebba da Minna, mun leƙa Kwara daga kan gada gabanmu yana faɗuwa. Muna yara kuma mu ma mun yi namu jirgin: gwangwanayen kifi a huda su da ƙusa, a ɗaura da waya, a yanka tsohon silifa a yi taya, a ja da zare ana kukan jirgi da baki. In mun je arewa mu tarar da 'yan uwanmu suna ƙera motar kara da ta langa-langa, wadda har ƙofa take buɗewa. Hannun dai muna da shi. Bambancin kawai shi ne mu da mun girma muke yarwa, mu ce wasan yara ne, su kuwa suka riƙe shi suka mai da shi ma'ajiyar tarihi.

A idonmu tirela ta ƙwace lodin shanu da goro, jirgi ya yi ta raguwa har ya zama sai labari. Sabon dogon Legas zuwa Ibadan da aka buɗe cikin 2021 abin farin ciki ne, amma tasharsa tana Moniya, kuma faɗinsa milimita 1,435 ne, alhali tsohon namu 1,067 ne, ko taragonsu ba ya hawa na juna. Yaron da ya shiga sabon jirgi ba zai san yadda kakansa ya kwana a tarago da sanda a hannu yana tayar da saniyar da ta kwanta don kada sauran su tattake ta ba. A Ebute Metta akwai tsohon gidan Reluwe da ake kira Jaekel House, wanda aka gyara aka mai da shi ɗan gidan tarihin jirgi. Wannan tarihin hukuma ne da ma'aikatanta. Namu na fatake, in ba mu muka ajiye ba, babu mai ajiye mana.

Shawarar da muke kawo wa ƙungiya ba mai tsada ba ce. Kafin a yi zancen tebur, a fara da abin da Roye England ya fara da shi. A samu matasa huɗu ko biyar masu waya mai kyamara, su zauna da dattawan da suka rage, a ɗauki muryarsu, a ba su takarda su nuna ina ne masaukin wane, ina aka fara kafa masallaci, ta wace hanya ake koro shanu daga tasha. A bi tsofaffin gidajen da ba a riga an rushe ba a auna su, a ɗauki hotonsu gaba da baya. Duk mai tsohon hoto ko tikiti ko takardar lodi a ƙasan adaka ya kawo a ɗauki hotonta a mayar masa. Bayan haka sai a nemi kafinta ɗaya da yaran nan masu hannu, a ba su falle biyu na katako da kwali da gam da fenti. A awon kashi 1 cikin 87, tebur mai tsawon mita 3 zai ɗauki layin gidaje na mita 260 da 'yan kai. Ko jirgin bai yi motsi ba babu laifi. In kuma Allah Ya hore, akwai ɗan dogo mai faɗin milimita 12 da masu kwaikwayon irin tsohon dogonmu suke amfani da shi, don 1,067 in an raba da 87 kusan nan yake faɗawa.

Mun san wani zai tambayi zancen 'yan mutum-mutumin da Turawa ke jerawa a cikin nasu. Wannan a kai wa malamai, su ke da ta cewa. Abin da muka taso muna ji a Islamiyya dai shi ne surar abin da ba shi da rai, kamar gini da itace da tarago, ba a hana ba, kuma su ne muke bukata.

Kwalin nan maƙwabcinmu bai sayar ba, yana nan a shagonsa, duk mai son gani ya zo. Dattijon da ya ba mu labari kuma ya ce a shirye yake ya zauna da yara ranar da duk aka sa, bayan la'asar, sai dai ya ce a hanzarta, don sa'o'insa da suka yi lodi tare a Nguru saura su uku. Muna roƙon sakataren ƙungiya ya sa wannan magana cikin abin da za a tattauna a taro mai zuwa. Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka kafa mana wannan wuri, Ya ƙara wa iyayenmu da suka rage lafiya, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Wassalam.